Ina Mai Riƙe Igiyar?

Ƙanena Bashir,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya karatu, ya sanyin Faransa? Ya abokan zama? Mu nan Gumel lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, alhamdu lillahi.

Na ga tsarin hutun da ka turo. Garuruwa uku a ƙasar Sifen, na tsakiya kuma wanda ake sakin bijimai a lungu mutane na gudu a gabansu. Har ka kama ɗaki da wuri saboda cunkoso. Sannu da ƙoƙari!

Ranar Alhamis da Baba ya dawo daga kasuwar Maigatari na nuna masa bidiyon yadda ake gudun bijiman. Sau uku ya kalla, sannan ya ce, "Hadiza, ina mai riƙe igiyar?" Na ce babu igiya, Baba. Ya shafa tabon nan na haƙarƙarinsa. Ya ce duk shekarun da ya yi yana hawan ƙaho, bai taɓa tunkarar bijimi ba sai da igiya a ƙafar baya, ƙarti biyu na riƙe, amma ga abin da ya samu.

Bashir, je ka ga garuruwanka. Amma ranar bijiman nan, don Allah ka nemi bene ka hau. Baba bai ce kada ka je ba, sai dai tun ranar da ya ga bidiyon bai ƙara cinye tuwonsa ba.

Ka sa mu a addu'a, mu ma muna yi maka. Inna na gaishe ka, ba mu gaya mata ba tukuna. Ka gaishe da abokin tafiyarka. Hoton da nake jira shi ne wanda ka ɗauka daga sama.

Yayarka,
Hadiza