Na Shuka Gero a Lagar

Gaya, daren Laraba, kwanan ruwan shuka

Yau na tumɓuke turakun ƙarfen da Nasara suka kafa a gonar Baba. Tun ina yaro suka auna ta, suka ce nan jirgin ƙasa daga Faraku zai tsaya, kada a sake nomawa. Har mutane suka sa mata suna Lagar, wato tashar jirgi da yaren Nasara. Baba ya rasu yana aron gona, jirgi kuwa ko hayaƙinsa ba mu gani ba.

Ina cikin shuka sai ga Kawu Hamani a guje. Ya ce, "Ɗana, mai da turakun nan! Kumandan mai mulkin gari zai ɗaure ka."

Na ce, "Kawu, wanda ya kafa su ya koma ƙasarsu. In mulkin kai aka ba mu, ai har da gonakinmu."

Ya juya yana salati. Yanzu haka turakun suna wurin maƙeri, hauya zai ƙera mini da su. In jirgin ya zo, ya tsaya a bakin gona ya jira in girbe gerona. Mu ma mun jira shi.