Farare Uku a Aljihun Tebur

Litinin, 3 ga Nuwamba
Kwamiti ya fitar da sunayen waɗanda za a karrama bana. Lambar kirki ta mai shara ce, kuma ta cancanta. Ta jarumta an ba shugaban sashen yanka, don shi ya kashe wutar injin ranar da abin ya faru. Ta gaskiya kuwa, wai ni, saboda na ƙi gyara wa ƙanen manaja littafin makara. Shekara tara ina sakatariya a kamfanin kwalin nan, ni ke buga takardun yabo, ban taɓa buga sunana ba.

Manaja ya leƙo yana dariya: "Ke ko ni ba za ki raga wa ba!" Na yi yaƙe.

Laraba, 5 ga Nuwamba
Bari in rubuta ko na samu sauƙi.

Ƙa'idarmu ita ce, ƙorafin haɗari a jar takarda ake rubuta shi, in kai wa manaja nan take. Sauran, famfo na yoyo, fanka ta tsaya, a fara ake rubutawa, in tara su sai bayan wata uku. Launi nake kallo, ba na karantawa. Haka aka koya mini.

A watan Agusta jar takarda ta ƙare a sashen yanka. Dattijo, mai kula da babban injin, sai ya rubuta a fara. Sau uku. Birkin wuƙa yana saki. Na karɓa, har ina tsokanarsa wai rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan takarda, na jefa aljihun tebur.

Ranar da wuƙar ta sauko, hannun wata sabuwar ma'aikaciya ne a ƙarƙashinta. Dattijo ya ture ta. Yatsunsa uku na dama suka tafi. Ya ce ya kawo rahoto, aka duba fayil ɗin ja, wayam. Aka ce sakaci ne, aka sallame shi bayan shekara ashirin da biyu. Sai da aka yi mako biyu na ga takardunsa uku, ina kwashe farare.

Suna nan har yau, ƙarƙashin ambulan. Ban gaya wa kowa ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba
Tuni an gyara injin, amma ina jin tsohon kukansa, wani ƙas-ƙas kafin wuƙar ta sauka. Da rana tsaka fa. Na tambayi mai shara ko ta ji. Ta ce, "In ji me, 'yar nan?"

Asabar, 8 ga Nuwamba
Na gaya wa Yaya muna shanya. Ta ajiye bokiti, ta kalle ni sama da ƙasa.

"Yatsun za su dawo ne in kin faɗa? Yara uku gare ki, mijinki yau aiki gobe babu. Ki ja bakinki ki yi shiru."

Na ce sunan Dattijo fa aka ɓata, ana cewa ƙarya ya yi. Ta ce to naki za ki ɗora a kai? Ba ta yi ƙarya ba, shi ya sa na ji haushinta.

Talata, 11 ga Nuwamba
Na buga takardun yabo. Sau huɗu ina ɓata tawa.

Kofin shayin Dattijo yana nan kan kanta kusa da inda yake rataye riga. Ba wanda ya taɓa shi, mai shara ma kewaye shi take yi. Sabuwar ma'aikaciyar ita kaɗai take cin abinci yanzu. Ta tare ni a matakala, murya ƙasa-ƙasa: "Anti, wallahi shi ya kamata a ba." Na ce ina sauri.

Tsoro nake ji. Na rubuta, tsoro.

Juma'a, 14 ga Nuwamba
An yi. Kujerun roba, lemo, lasifikar da ke ƙugi. Mai shara ta yi kuka, kowa ya ji daɗi. Shugaban sashen yanka ya karɓi tasa kansa a sunkuye; ya fi kowa sanin jar takarda ta ƙare musu. Da aka kira ni, manaja ya ce, "Wannan ko allura ba ta ɓata a teburinta." Tafi raf-raf. Na buɗe baki, na gode kawai ya fito.

Autata ta kwana biyu tana tambayar inda za mu rataya takardar yabon. Na sa ta bayan kwaba.

Litinin, 17 ga Nuwamba
Na kai wa manaja fararen nan uku. Na fara ba shugaban ƙungiyar ma'aikata kwafi, don kada su yi ɓatan dabo, sannan na ajiye na asalin gaban manaja. Ya karanta a tsaye. Bai yi dariya ba. An dakatar da ni sai an gama bincike. Yaya ba ta ɗaga wayata.

Laraba, 19 ga Nuwamba
Ba jarumta ba ce, gajiya na yi. Ko da yake yau na ci abinci har da ƙari, ban san dalili ba.

Na je gidan Dattijo da hantsi. Na same shi a ƙofar ɗaki yana fama da maɓallin riga da hannun hagu. Na durƙusa na faɗa masa komai, ban rage ba. Na shirya wa zagi. Sai ya ce:

"Ai na san ba ki karanta ba, 'yata. Da kin karanta, da gudu za ki zo."

Gara ya zage ni. Na miƙa masa kwafin, ya ɗora su kan gwiwa yana shafawa da yatsu biyun da suka rage. Sannan ya maido mini.

"Karanta mini su da ƙarfi, a hankali. Rubutuna na ƙarshe ke nan da wannan hannun."

Na karanta, duka ukun.