Ƙusar da ke Bencin 'Yarki

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, inuwar da nake nema idan rana ta take, ruwan randa bayan doguwar tafiya. Ke da ƙarar keken ɗinkinki ta fi mini kowace waƙa daɗi. Ina gaishe ki, gaisuwar mutumin da abinci ya daina yi masa ɗanɗano.

Ba zan yi miki kwana-kwana ba, kishi ke cina. Kwanakin baya na biyo ta layinku da katako a kafaɗa, sai ga farar motar mai kemis a ƙofar shagonki, ya tare hanya sai ka ce shi ya shimfiɗa titin. Na ga kin miƙe masa tsaye. Na ga kin gyara ɗankwali. Kin yi masa murmushin nan mai lotsa kumatu, wanda na ɗauka ni kaɗai ake ajiye wa. Ni idan na zo cewa kike in ture ƙyallaye in zauna, shi kuwa har da goge masa kujera? Haba, masoyiyata! Na wuce ban yi sallama ba, na je na huce a kan ƙafar teburin mutane, na yi ta fere ta har ta gajarce.

Na san abin da ya kawo shi, ƙanwarki ta tsegunta mini. Wai ya ji kina shirin cire 'yarki daga makarantar Katolika don kuɗin ya fi ƙarfinki, shi ne ya ce zai ɗauke miki nauyin har ta gama. Ban ga laifinki ba da kika saurare shi. Tun da Allah ya yi wa mahaifinta rasuwa kike taka keken nan har ƙafa ta kumbura, kuma na san abin da kike saye da guminki: ajin da ba a cusa yara kamar buhuna, malaman da ke duba aikin gida da gaske, Sista da ke tsayawa bakin ƙofa tana kiran kowane yaro da sunansa. Wace uwa ce za ta ga wannan ta saki? Amma ki gaya mini tsakaninki da Allah, mutumin da bai ma san ajin da yarinyar take ba, makaranta yake son biya ko ke?

Kin tuna ranar da na zo gyara miki teburin keke, ruwan sama ya tsare ni? Yarinyar ta zauna a tabarma tana karanta mana labari, idan na kai baki ta gyara mini, kina dariya. Siket ɗinta na makaranta yana hannunki, kina mita wai kullum wuri ɗaya yake yagewa. Kika ɗago kika dube ta, kika dube ni. A ranar na ji ba na son ruwan ya ɗauke.

Ni ba ni da mota, ya ke farin watana, zarto da guduma gare ni. To ga abin da na yi da su. Makarantar tana neman kafinta na dindindin, na rufe shagona na karɓi aikin. Abokaina suna ta yi mini tsiya, wai babba da ni ƙararrawa za ta riƙa juya ni. Su yi ta yi. A can kuɗi kaɗan ake biya wa 'ya'yan ma'aikata, abin da ni da ke za mu iya ba tare da mun sunkuyar wa kowa da kai ba.

Sista babba ta tambaye ni, “Malam kafinta, kana da yaran da za mu saka?” Na ce, “Akwai ɗaya, Sista, amma sai na tambayi mahaifiyarta.” Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, “To ka hanzarta kafin zango ya ƙare. Rangwamen na 'ya'yan gida ne, ba na maƙwabta ba.”

Kada ki ce ni ma ciniki na zo yi. Tun kafin in san da wani rangwame nake sonki. Ko kin ƙi ni ba zan bar aikin ba, sai dai kowace safiya in ga motar nan ta sauke yarinyar da ta koya mini karatu, in yi ta haɗiye zuciya. Anya za ki yi mini haka?

Ranar da na fara aiki, da aka tashi, na shiga ajinta na durƙusa ina shafa bencinta, sai da na samo abin da ke yaga siket ɗin. Ƙusa ce ta leƙo ta gefe. Na zare ta, ga ta nan na naɗe miki a cikin takardar nan. Idan amsarki a'a ce, ki jefar. Idan kuwa kin yarda, ki ajiye ta, zan zo in kafa ta a bangon ɗakinmu, 'yarmu ta riƙa rataye jakarta.

Naki ne ni, yau da gobe, har ranar da hannun nan zai kasa ɗaga guduma,

Kafintanki mai kishi.