Talotalon da Neville Bai Taɓa Kyafewa Ba

Warrnambool, 22 ga Disamba

Ya hasken idona, ruwan farko a kan gonar alkama, inuwar da na zaɓa tun ina 'yar shekara ashirin da biyu. Ya Neville mijina, sarkin masu kyafe talotalo na Dimboola da kewaye, gwanin da bai taɓa hura wutar gangar kyafe nama ba sai bana!

Saƙonka ya iso wayata jiya da hantsi. Sati uku ke nan da na haɗa jakata na taho gidan yayata Coral, sati uku ina zabura duk lokacin da wayar nan ta yi ƙara kamar budurwa. Na buɗe, sai na ga: “Glen, awa nawa ake yi a kan hayaƙi? Na gwada ɗaya, ya bushe.” Shi ke nan. Shekara talatin da huɗu da aure, masoyina, amma wasiƙarka ta farko tambayar girki ce. Ba ka ce yaushe zan dawo ba. Ko kare ya fi ni samun gaisuwa a gidanmu.

Ya bushe, ko? Maƙwabciyarmu Dot ta riga ka ba ni labari. Ta ce ka jefa wa karenmu Bluey cinya, ya shinshina, ya dube ka, ya koma ƙarƙashin mota ya kwanta. Na yi dariya har Coral ta leƙo ta ce, “Ke Glenys, kuka kike ko dariya?” Gaskiya duka biyun nake yi.

Bari in tuna maka yadda shahararren talotalonka yake samuwa. Kowace Disamba kana can kan injin girbi tun fitowar rana. Ni ke bin rahoton yanayi ina neman rana guda mai sanyi kafin a hana kunna wuta a waje saboda gudun gobarar daji, don kai ma ka san ranar Kirsimeti a garinmu ko ashana ba a ƙyastawa a tsakar gida. Ni ke jiƙa tsuntsun kwana guda a ruwan gishiri da sukari. Ni ke tsayawa kan ganga awa biyar ina tura guntayen itacen tuffa, hayaƙi na cin idona. Ni ke tare romon da ke ɗiga, in yanka naman, in jera a tire, in sa a firij. Ran biki in zuba romon a kai, in rufe ruf, in ɗumama a hankali a kicin. Kai kuma ka ɗaura ƙyallen girki a ƙugu, ka ɗauko faranti, a yi ta tafa maka. Wallahi ban taɓa jin haushi ba. Ina son ganin yadda kunnuwanka ke yin ja idan an yabe ka.

Sai daren liyafar kulob ɗinmu sati uku da suka wuce, da ƙanwarka Merle ta ɗaga murya a gaban mutum arba'in ta ce, “Nev, ka koya wa matarka kyafe talotalon nan mana, ko ta ci gado.” Ai da murmushi kawai ka yi, da an wuce wurin. Amma ka ajiye kofinka ka ce, “Glenys? Ita ai ɗumame kawai ta iya.” Aka kwashe da dariya, kai ka fi kowa. Na dubi fuskar da nake so fiye da kowace fuska a duniya, na ji kunya ta kama ni a madadinta.

Ka manta Kirsimetinmu ta farko? Na ƙona talotalon ƙurmus, na zauna a bakin ƙofa ina kuka. Ka ɗauko burodi da gwangwanin kifi, ka ja ni inuwar rumbun alkama, ka ce, “Glen, ko toka kika dafa zan ci, in ƙara.” Ina ka kai wannan saurayin, Neville? Shi nake kewa. Iskar teku na kaɗawa a nan da daɗi, amma ba na barci sosai, don babu mai minshari kamar tarakta a gefena. Har safarka mai wari na yi kewa, kuma wannan ya ishe ka sanin halin da nake ciki.

To, ga amsar tambayarka: ba za ta amfane ka ba. Ka duba rahoto. Daga gobe iskar arewa za ta taso, zafi zai haura digiri arba'in har bayan biki, ba mai barinka ka kunna ganga. Saura kwana uku, mutum goma sha huɗu za su zauna a teburinka, Merle a kujerar kusa da kai, cokali a hannu.

Ni kuwa yau da safe na kyafe talotalo a bayan gidan Coral. Ya yi ja, ya yi sheƙi, na yanka na jera a tire, romonsa na cikin kwalba. Wal, mijin Coral, wanda zai miƙa maka takardar nan gobe, sau uku yana buɗe firij yana cewa, “Glenys, a ɗan ba ni fata kawai in ɗanɗana.” Na ce yana da mai shi.

Tafiyar awa uku ce tsakaninmu. Kada ka aiko Dot, kada ka turo saƙo. Ka zo da kanka, ka ce ni ka zo ɗauka, tiren ya biyo baya. Ban ce ka durƙusa ba, na san gwiwarka. Amma ran biki, idan ka ɗauko farantin aka fara tafi, ka dubi Merle ka faɗa mata hannun wa ya yi. Kalma ɗaya ce, sunana, kuma ka iya ta, kullum da ita kake neman makullin motarka.

Idan ba ka zo ba, zan ci gaba da sonka, don ban iya wani abu dabam ba, kuma na tsufa da koyo. Sai dai Wal zai cinye cinyar, kai kuma ka buɗe wa baƙinka gwangwanin kifi. Wannan karon kai kaɗai za ka zauna a inuwar rumbu.

Taka jiya, taka yau, taka har a kwantar da mu a gefen juna,

Glenys, mai ɗumame