Ruwan Gidan Baba Siddo

Litinin, 5 ga Fabrairu 2024
Wata shida ke nan gadar iyaka tsakanin Gaya da Malanville na rufe. Komai ta jirgin ruwa yake shigowa daga Malanville, har da sabon maganin feshin shinkafa. A bido, wato jarka, suke juye shi, ba takarda. Na tsinci kwalbar asali ɗaya, na karanta: maganin jan ƙarfe ne, an niƙa shi ƙanana har ido ba ya gani, nano ake ce masa. Ni malamin gona, ko laboratuwar da zan aika a auna ba ni da ita.

Alhamis, 8 ga Fabrairu
Baba Siddo ya zo shan shayi. A duk Gaya shi kaɗai ke zama da ni, wannan tsohon manomi mai gardamar tsiya. Wai maganin tsarkakakke ne, ya tace da ƙyalle, ko ɗigon laka bai fito ba. Na ce Baba, ta ƙyalle yake wucewa, haka yake shiga jikin kifi, wataƙila har da namu. Ya ce, "Mushe," haka ake kiran ma'aikaci a nan, "abin da ba a gani ai aljani ne."

Juma'a, 16 ga Fabrairu
Na gan shi yana wanke famfon feshi a magudanar da matarsa Inna Yalwa ke ɗiban ruwan sha. Ita ma da ƙyalle take tacewa. Bayan masallaci na raka shi gida, ta kawo min ruwan baƙo a gaban surukansa. Na riƙe kwanon, na ajiye. Ban sha ba.
"Ruwan gidana ne guba?" Abin da ya ce ke nan.

Lahadi, 18 ga Fabrairu
Na dafa shayi na mutum biyu.

Lahadi, 25 ga Fabrairu
Bai zo ba. Na kira matata Balki a Dosso, rezon waya ya yanke. Abin haushi, ban ma da tabbas cewa maganin na cutarwa. Littattafan da na karanta da kansu cewa suke ana kan bincike. Kan "wataƙila" na kunyata dattijo. Kaɗaici ya ishe ni, yau har da ƙadangaren bango na yi magana.

Asabar, 2 ga Maris
Na je gidan Baba. Ba don komai ba, hanya ce ta bi da ni. Inna Yalwa ta kawo ruwa, ba ta dube ni ba. Na ce a raina kurɓa ɗaya ba ta kashe kowa. Na yi bismillah, kwano ya kai bakina, sai Baba ya riƙe min hannu gam.
"Kar ka sha, ɗana. Jiya ƙananan kifi sun taso a magudanar, ciki sama."
Ya zubar a gindin bango. Muka zauna. Can ya ce jikokinsa wata guda suna shan wannan ruwan, me zai same su?
Na ce ban sani ba, Baba. Bai saki hannuna ba.