Mabuɗin Famfo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Ni ne mahaifinku kafinta. Na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ko da yake uwarku za ta ce tun da ta aure ni ba ta taɓa ganinsa garau ba. Ku yi haƙuri da rubutun. A aji huɗu malaminmu ya lura na fi iya gyara benci a kan zama a kansa, muka rabu lafiya. Yanzu numfashi ya fara yi mini rowa, amma na ci, na sha, na ga jikoki. Alhamdu lillahi.

1. Gado Allah Ya riga Ya raba, ba zan tsoma baki ba. Waɗannan kyauta ce tun ina raye.

2. Auta, zarto da guduma da teburin aiki naka ne. Ƙafar teburin ɗaya gajeriya ce, shekara talatin ina cewa gobe zan gyara. Goben ta zama taka.

3. 'Yar Baba, ɗauki rediyon. In ya yi shiru ki mare shi ta hagu.

4. Babban Yaya, naka tsohon mabuɗin nan ne mai igiya. Kada ka ɓata rai, saurara.

Kuna ƙanana famfo ɗaya ne a layinmu, mai mabuɗinsa kuwa sai ya ga dama yake buɗewa. Ni na fi kowa baki a kansa. Har a ƙofar masallaci nake cewa ruwa na Allah ne, wanda ya kulle shi zai amsa tambaya. Sai aka karɓe mabuɗin aka ba ni, kuma wallahi da zuciya ɗaya na karɓa. Watan farko ni ke taya tsofaffi ɗaukar bokiti. Wata na uku na rataya mabuɗin a wuya. Aka fara ce mini Shugaba, ina cewa a bari, amma a hankali, don kada a ji. Kafin shekara, bokitin wanda ya fi iya gaisuwa shi ke gaba. Salla ban fasa ba, sai dai in na yi ruku'u mabuɗin ya kaɗa, nakan so sahu ya ji. Shaiɗan bai taɓa ce mini in yi sata ba. Cewa kawai ya yi in ba ni ba, layin nan ya lalace.

Mai Walda, aminina tun ba mu san wando ba, ya kira ni Sarkin Bokitai a gaban jama'a, aka yi dariya. Na hana gidansa ruwa kwana uku. Matarsa da tsohon ciki take zuwa har bayan kasuwa ɗebowa, ina kallo. Rana ta huɗu ya zo da injinsa ya yanke kwaɗon a gabana. Shekara goma sha tara ke nan ba mu gaisa ba.

Da direbobi suka zaɓe ka shugabansu na yi murna, don na san niyyarka. Amma kwanan baya na ga wani na riƙe maka jaka, kawunka ya shigo ka miƙa masa hannu kana zaune. Na gane wannan zaman, nawa ne. Mabuɗin ba ya buɗe komai yanzu. Ka sa shi a aljihu, ka riƙa taɓa shi duk sanda aka ce maka ranka ya daɗe. Ni da na yi kiwon bokitai ma ina tsoron tambayar, balle kai mai kiwon mutane.

5. Kujerata ta ƙofar gida ta Mai Walda ce. Babban Yaya, kai za ka kai masa, gobe, ba bayan raina ba. A kanka za ka ɗauko ta, a ƙafa, ta tsakiyar layi, sannan ka koma ka kai wa matarsa bokiti cike da ruwa. Ka ce Sarkin Bokitai ne ya aiko, ya ce shi ne mai laifi. In sun yafe, ya zo mu yi hira kafin numfashin ya ƙare. In sun ƙi, kada ka yi musu, haƙƙinsu ne.

Ku riƙe uwarku, ku riƙe juna. Wanda Allah Ya buɗa wa, kada ya kulle wa ɗan'uwansa. Allah Ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa.

Ni kuwa ku roƙa mini rahama. Inda za ni, ba ni ke riƙe da mabuɗin ba.