An Riga An Ƙirga Mu

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya kamar yadda nake a nan. Ki gaishe min da Inna da mai ɗakina, ki ce ta daina ɗaukar tulu da tsohon ciki.

Dalilin rubuto miki shi ne maganar ƙidaya. Tun da aka ba ni teburin tsare-tsare a sakatariyar ƙaramar hukuma ban ga aiki mai nauyin wannan ba. Da yawan jama'a ake raba komai, har ɗan asibitin nan na bayan gidanmu. Garin da mutanensa suka yi kaɗan za a rufe nasa. Na san halin mutanenmu, in suka ji haka sai kowa ya shiga layi sau uku yana sauya hula. Don haka ki karanta wa mai gari wannan a gaban jama'a: laifi ne babba a ƙirga mutum sau biyu, kuma sunana ne zai ɓaci. Duk wanda aka shafa wa tawada a babban yatsa ya koma gida ya zauna.

Ku huta lafiya.
Yayanki

*

Yaya mai tebur, ranka ya daɗe,

Muna gaisuwa, kowa lafiya. Matarka ta ce in ka damu da tulun ka zo ka ɗauka.

Saƙonka ya isa har ya yi yawa. Inna ta ɗaure wasiƙar a bakin zane, duk wanda ya zo gaishe ta sai na karanta masa, har na haddace.

Masu ƙidayar sun same mu a fadama, tsallaken kogi, duk gari ana cire albasa. Mutanen kirki, suka bi mu rumfa rumfa, suka shafa mana tawada. Bayan sati biyu sai ga waɗansu a kan babur har cikin gari, rigarsu daban, wai su ma ƙidaya. Inna ta tare ƙofa ta ɗaga yatsa ta ce, "An riga an ƙirga mu." Ɗayan ya ce, "Baba, ai wancan ba namu ba ne." Ta ce, "Kai yaro, ɗana ne ke riƙe da dokar nan, ba za ku ja masa abin kunya ba." Mai gari ya goyi bayanta, kowa ya rufe gidansa. Tela kawai suka samu, da malamar asibiti, da tsofaffin da ba sa iya zuwa gona.

Ka ga mun fitar da kai kunya. Ina tukuicina?

Taka,
Auta

*

Auta,

Ina gaishe ku. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na ƙarasa ta a zaune.

Na farkon nan ma'aikatan ƙasar da ke tsallaken kogi ne. Fadamarmu a cikin ƙasarsu take. Na biyun su ne namu. Ni da na tashi ina tsallaka kogin nan da wando a ka, ban taɓa ganinsa a matsayin iyaka ba, hanyar gona ce kawai. Na rubuto muku komai ban da wannan.

Yanzu a takarda garinmu bai kai mutanen da ke cika motar kasuwa ba. Na shiga wurin ciyaman har sau biyu. Na ce ya zo ranar kasuwa ya gani da idonsa. Ya ce ya yarda da ni, amma alƙaluma sun riga sun wuce sama, sai dai ƙidaya ta gaba. Ko ni ban san shekarar da za a sake ba.

Za a rufe asibitin ƙarshen wata, a mai da malamar zuwa wani gari. Takardar ta teburina ta bi, ni na buga mata hatimi. Wallahi Auta, na yi da na sani, ko abinci ba ya min daɗi. Kada ki bari Inna ta ɗauka laifinta ne, maganata ta riƙe. Ki shirya mai ɗakina, zan zo in ɗauko ta kafin ruwa ya sauka.

Ki yi min addu'a.
Yayanki

*

Yaya,

Muna gaisuwa. Ruwa ya riga ka, hanyar mota ta yanke. Naƙuda ta taso wa matarka da hantsi, muka je asibitin bayan gidanmu muka tarar an garƙame ƙofa da kwaɗo, ga awaki a baranda. Sai muka sa ta a kwalekwale muka tsallaka zuwa asibitin waccan ƙasar.

Ta sha wuya, amma ta sauka lafiya. Namiji ne, da goshinka. Malamar can ba ta tambaye mu komai ba, ta ce ai mu nasu ne, ta rubuta shi, ta ba mu katinsa da tutarsu a jiki.

Inna ta gane komai, ba wanda ya faɗa mata. Ta kwance wasiƙarka daga zane ta ajiye. Ta ce in tambaye ka, don ba ta son sake yin kuskure: in naku suka dawo, mu bari su ƙirga yaron, ko shi ma laifi ne?

Sai mun ji daga gare ka.
Auta